Ba Zan Ƙara Ce Miki Da Sauƙi Ba

Badarawa, Kaduna.

Zuwa ga Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tunda ƙofar ɗakinki na kallon tawa, kuma ɗazun nan na ji ki kina yi wa ƙanenki Sadiku faɗa a kan cajar waya. Allah ya tsare min ke a gida da waje, ya kiyaye hanyar da ke gabanki.

Kada ki yi mamakin uba ya rubuta wa 'yar da suke gida ɗaya wasiƙa. Na san halinmu ni da ke. In na zaunar da ke, ke ki sunkuyar da kai, ni in kama zancen rashin wuta, mu tashi ba a faɗi komai ba. Sunan mahaifiyata gare ki, tun kina jaririya ban taɓa iya kiransa ba, to ina zan iya kallon idonki in ba ki umarni?

Ummanku ta gaya min abin da kike shirin yi. Jami'ar nan ta Turai da ta ɗauke ki aikin bincike a kan magungunan raɗaɗi, kin rubuta musu saƙon kin fasa, saura kawai ki aika. Dalilinki kuma ni ne, ni da wannan ciwon daji da ya sauka a ƙashin bayana. Ina roƙonki kada ki aika sai kin karanta wannan har ƙarshe. Tsohon ma'aikacin ɗakin magani ne ke rubutu, wanda ya tsufa yana miƙa wa mutane magani ta taga a asibitin gwamnati, kuma kurakuransa sun fi iliminsa yawa. Yawancinsu kin san su, amma ba ki taɓa jin su a jere daga bakina ba.

Bari in fara da na kwanan nan, don shi ya fi ban dariya. Ranar da takardar ɗaukarki ta zo, na sa Sadiku ya buga min jerin maƙalun da kika wallafa, wanda kika aika musu da shi. Na ninke shi na sa a aljihu, na tafi majalisarmu ta ƙofar masallaci bayan la'asar. Ban bari an gama gaisawa ba na zaro shi. Na ƙirga musu ɗaya bayan ɗaya, ina buga yatsa a kan takardar. Maƙwabcinmu Malam Sani, mai makarantar allo, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Alhaji, masha Allah. Amma wai da gaske ne abin da yara ke faɗa, binciken ƙwaya take yi?" Aka kwashe da dariya. Na buɗe baki in kare ki, sai na ga ban san abin da ke cikin ko ɗaya ba. Yawansu kawai na haddace.

Da na dawo na ba ki labari, kin tuna abin da kika ce? "Baba, ai ba buhunan masara ba ne da za a yi ta ƙirgawa." Na ji haushi a lokacin, amma gaskiyarki ce. Washegari na ɗauki tabarau na zauna, na bi su a hankali da ɗan Turancin aikina. Sai na ga rayuwarki ce a jere. Na farko-farko duk ɓeraye ne da sassaƙen itatuwa, lokacin da kike dawowa gida kina warin ɗakin gwaji, Ummanku ta hana ki taɓa tukunya sai kin yi wanka. Daga nan sai ɓerayen suka ragu, mutane suka shigo: masu sikila, waɗanda aka yi wa tiyata, masu ciwon daji. Na ga inda kika koma kan mofin, maganin raɗaɗin nan mai ƙarfi, da danginsa, yadda za a ba wa mai ciwo abin da zai ishe shi ba tare da ya zama bawan maganin ba.

To shawarata ta farko, ki riƙe maganarki ta masara, don can inda za ki ƙirga ake yi. Za ki ga masu yanka bincike ɗaya gida uku don jerin ya yi tsawo. Za ki ga ana sa sunan wanda ko ƙofar ɗakin gwajin bai taka ba, don shi ne babba. Ki girmama manya, haka muka tarbiyyantar da ke, amma girmamawa ba ta kai ki sa hannu a kan abin da ba ki gani da idonki ba. Kuma in wata yarinya ta yi miki wahalar aiki, ki sa sunanta inda ya dace, kada ki tura ta can ƙasa wurin godiya.

Kin san ni ma ina da maƙala. Ɗaya tak, kuma sunana ne na uku. Ta daɗe a cikin gilashi a falo kafin in sauke ta, kina ƙarama kina tambayata ko takardar shaidar aikin hajji ce. Ga yadda aka yi ta. Wani likitan tiyata, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, yana so ya san ko ƙaramin maganin da muke bayarwa bayan tiyata yana isar marasa lafiya, ko kuwa sai an ƙara da mai ƙarfi. Ya ba ni aikin zagayawa in tambaye su. Ni kuma ba na samun barin taga sai da yamma, daidai lokacin da ake buɗe ƙofa 'yan dubiya su shigo.

Ki hango ɗakin mata a wannan lokaci. Kowane gado an kewaye shi da kwanukan abinci da flas ɗin kunu. Ga uwar miji a kan tabarma, ga yayyen miji a tsaye, wani lokaci har da surukin kansa ya sa babbar riga. Sai ga ni da farar riga da biro, in yi sallama, in ce, "Sannu, ya jiki?" Mace an yanka cikinta jiya, ta gyara mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." In ce, "Maganin yana yi miki aiki?" Ta ce, "Yana yi, an gode." In rubuta. Ɗakin maza ma haka, har ya fi, don wane magidanci ne zai ce wayyo a gaban 'ya'yansa da abokansa?

Mamana, ni Bahaushe ne ɗan Bahaushe. Na san ba a amsa gaisuwar ciwo da kuka. Na san mace ba ta nuna raki a gaban surukai, ko naƙuda take yi. Ni kaina haka aka koya min, haka na koya muku. Amma da na sa farar riga sai na mance duk wannan, na ɗauki ladabin mutane na mayar da shi sakamakon bincike. Muka rubuta cewa ƙaramin magani ya wadatar, wata ƙaramar mujalla ta buga, muka sha hannu. Aka ci gaba da aiki da haka a ɗakunan nan shekaru. Ba mu yi ƙarya ba, abin da aka faɗa mana muka rubuta. Sai dai ba mu tambaya a lokacin da za a iya gaya mana gaskiya ba.

Ban gane ba sai a kan Inna, mai sunanki. Ba ki riske ta da wayo sosai ba. Doguwar mace ce mai tsabta, mai faɗa kamar ke. Ciwon ajalinta a nan gidan ta yi shi, a ɗakin da kike kwana yanzu. Kullum kafin in tafi aiki in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, je ka kada ka makara." In tafi hankalina kwance, ina ganin farasitamol ɗin da nake kawo mata yana yi.

Wata ranar Asabar Ummanku tana wanki a tsakar gida, sai ta kira ni. Ta miƙo min mayafin Inna. Gefensa duk ƙananan huji ne, a jere, wani wuri ya zama tsumma. Na ce ɓera ne. Ta ce, "Ba ɓera ba ne, Alhaji. Haƙori ne. In ciwon ya taso cusa shi take yi a baki ta cije, don kada yara su ji. Ta ce kada in gaya maka, wai kana da abin da ya dame ka a wurin aiki." Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen mayafi, ruwa na ɗiga a ƙafata. Maganin da zai sauƙaƙa mata yana cikin kabad ɗin da makullinsa ke aljihuna kullum. Na je na samo likita ya rubuta mata, ta samu barci a kwanakinta na ƙarshe, amma watannin da suka wuce sun riga sun wuce. A makon da na ga mayafin na sauke maƙalata daga bango.

Don haka in kin je, duk wanda za ki tambaya game da ciwonsa, ki fara duba waye a ɗakin. Ki dubi hannunsa, ki ga me yake damƙe da shi. Ki tambaye shi ko ya yi barci, ko yana iya juyawa, ko yana iya sunkuyawa. Na ga a maƙalarki ta masu sikila kin rubuta cewa sai da kuka fitar da 'yan uwa waje kafin ku yi tambaya, kuma mace ce ke tambayar mata. Da na kai wannan layin sai da na cire tabarau na goge ido. Ban taɓa zaunar da ke na koya miki wannan ba, ashe kina jin labarin mayafin a bakin Ummanku kina ajiyewa. Mutanen can ma na tabbata suna da tasu irin kunyar, ko da ba irin tamu ba ce. Ki neme ta kafin ki fara rubutu.

Makullin nan da na ambata, shi ma akwai magana a kansa. An koya mana tsoron mofin fiye da yadda aka koya mana amfaninsa, ni kuwa na ɗauki tsoron na ƙara masa nawa. In nas ta zo da takardar likita, sai na juya ta gaba da baya ina neman kuskure. Har alfahari nake yi cewa a hannuna ko kwalba ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Gaskiya ne, ba ta ɓata ba. Wasu dai sun zauna har wa'adinsu ya ƙare aka zubar, alhali marasa lafiya na nishi a ɗakunan da ke sama da kaina.

Akwai wani magidanci mai sikila daga Unguwar Shanu, tela ne, yana yawan zuwa. Wata rana ya zo a dafe da bango, ya faɗi sunan allurar da ke yi masa aiki, har da yawan da ake ba shi. Ina jin haka na ɗaure fuska. Na ce a raina, wanda ya san suna haka, ya saba ne. Na bar shi a benci ina ta 'yan kame-kame. Matarsa ta matso taga ta ce a hankali, "Malam, tun yana yaro yake wannan ciwon. In bai san sunan maganinsa ba, sunan me zai sani?" Na ba su, amma na ba su da fuskar da har yau nake jin kunyarta.

Kada ki ce don haka na daina tsoron maganin. Ina nan ina kallon abin da tiramol da kodin suka yi wa samari daga nan har Rigasa. Ɗan aminina guda, yaro mai hankali da muka je sunansa, yanzu in ya gaishe ni ba ya iya tsayar da idonsa. Tambayar Malam Sani ta ba mutane dariya, amma daga wannan baƙin cikin ta fito. Abin da nake so ki riƙe shi ne, tsoron nan biyu ne, kuma kowanne gaskiya ne. Ni na riƙi ɗaya na saki ɗayan. Can za ki haɗu da waɗanda suka ga ɓarnar maganin har suka ƙi jinin sunansa, za ki kuma haɗu da masu sayar da shi da ke son a ce ba shi da laifi ko kaɗan, kuma su ne masu daɗin baki da manyan tarurruka. Ki ci abincinsu in sun gayyace ki, ki yi godiya, amma alƙalaminki ya zama naki. In suka fara yabonki da yawa, ki tuna telan Unguwar Shanu da ɗan aminina, su biyun tare.

Kin san wacce na fi so a duk jerin? Ba wadda ta fito a babbar mujallar da kike ta murna ba. Wata 'yar gajeriya ce a tsakiya, a kan sassaƙen nan da kowa ke rantsuwa yana kashe ciwon gaɓoɓi. Kin ɓata kusan shekara a kansa, ƙarshe kika rubuta cewa bai yi komai ba. Na tuna ranar da kika dawo kika jefar da jaka, kika ce wani babba ya ce ki ajiye ta a aljihun tebur, wa zai karanta abin da bai yi aiki ba. Kika ƙi cin tuwo, kika yi kwana biyu kina kumbure-kumbure, sannan kika aika da ita. Da ni ne a shekarunki da na ajiye. Ki ci gaba da wannan taurin kan, shi ne gadon da kika ci na Inna, ba tsawo kaɗai ba.

Sauran ƙananan abubuwa Ummanku za ta faɗa miki sau goma kafin ki hau jirgi, amma bari in sa baki. Ki ci abinci a zaune, ba a tsaye gaban kwamfuta ba. Yajin da daddawar da take ɗaura miki kada ki raina su, wata rana za ki buɗe ledar don ƙamshin kawai. Ki nemi lokutan sallarsu tun ranar farko, an ce ranarsu ba ta da tsari, wani lokaci ta ƙi faɗuwa, wani lokaci ta ƙi fitowa. Ki kira uwarki ko ba ki da labari, ita muryar take so. In kin yi kuskure a aiki ki faɗa da bakinki kafin a gano. In kewa ta dame ki kuma, kada ki ce mana lafiya lau.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ɗauki biro. Na san ranar da kika yanke shawarar fasawa. Ranar da kika shigo da shayi kika same ni ina ƙoƙarin tashi daga sujada, na dafa gado, na cije leɓe. Kika ce, "Baba, ya jikin?" Na ce, "Da sauƙi." Kika ajiye kofin, amma na ga idonki ya sauka a kan hannuna, inda na damƙe zanen gado. Ashe duk abin da na gama faɗa miki a sama, ni ne na fara karya shi. Tsufa ya zo min da halin uwata, ban ma lura ba.

Malam Sani ma ya kama ni. Ya zo dubiya na ce masa ina haƙuri, ai kankarar zunubi ce. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, haƙuri da hukuncin Allah daban, ɓoye wa likita daban. Kai da ka tsufa kana ba mutane magani, yanzu kai ne za ka ƙi sha? To lada kake nema ko yabo?" Ni kuwa na san yabo ne. So nake a ce Alhaji jarumi ne, bai taɓa cewa wash ba.

Na zauna na yi tunani, na gane ba ciwona ne ke neman hana ki tafiya ba. Likitana yana nan, Ummanku tana nan, Sadiku ya iya tuƙi duk da ba ya ganin rami. Kin fi kowa sanin zamanki ba zai rage ciwon nan ko ƙara min kwana ba, wannan na Allah ne. Abin da kike tsoro shi ne ki kira daga can ki ji da sauƙi, ba ki ga hannuna ba, ba ki ga zanen gado ba, har sai wata rana an miƙo miki nawa mayafin. Kina da gaskiya ki ji tsoron haka, ni na ba ki dalili.

To ga cinikin da nake so mu yi. Ke ki goge saƙon nan ki tafi. Ni kuma na yi miki alkawari, Allah shaida ne, ba zan ƙara ce miki da sauƙi ba sai in da sauƙin. Ma'aunin nan naku da nake yi wa dariya, wai mutum ya faɗi ciwonsa daga sifili zuwa goma kamar makin jarrabawa, na karɓe shi. Duk ranar da kika kira zan gaya miki lamba, ko da majalisa ce cike a ɗakin, ko da surukaina ne. Na ba Ummanku izini in na rage lambar ta ƙwace wayar ta faɗi gaskiya, kin kuwa san ba ta buƙatar izinin ma. Maganin da likita ya rubuta zan sha shi a kan lokaci, ba sai na kai ga cizon leɓe ba. In kuma abin ya kai inda ya kamata ki zo, ni da kaina zan ce ki zo, ba zan bari ki ji a bakin wani ba.

Ina son ki kusa da ni, kada ki yi zaton ba na so. In kin tafi gidan nan zai yi min faɗi, ba mai yi min faɗa a kan gishiri. Amma akwai mata cike da ɗakunan asibiti suna gyara mayafi suna cewa an gode, kuma kin iya tambayar da ni ban iya ba. Ba zan so a ce jerin nan ya tsaya a kaina ba. Na riga na taɓa rufe magani a kabad saboda tsoro, ba zan rufe ki ba.

Bari in fara biyan nawa tun yanzu, don ki san da gaske nake. Da na zauna rubutun nan bayan azahar, bakwai ne. Ƙugu ne da ƙafar hagu, kamar ana murɗa min ƙashi. Na kira Ummanku na faɗa mata haka da bakina, ta tsaya tana kallona kamar ba ta san ni ba, sannan ta kawo maganin. Yanzu da nake rufewa ya sauko uku. Ban taɓa faɗa wa kowa irin wannan ba, kuma ga shi ban ragu da komai ba.

Allah ya yi miki albarka, Mamana. Ya kai ki lafiya, ya saukar da ke a hannun mutanen kirki, ya tsare miki imaninki da lafiyarki da alƙalaminki. Ya sa aikinki ya zama sanadin barcin waɗanda ciwo ya hana barci. Ya jiƙan mai sunanki. In da rabon mu sake zama a tsakar gidan nan, Allah ya nuna mana, in kuma babu, na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

In kin gama karantawa ki shigo ki tambaye ni ya jiki. Ki zo da wayar a hannunki, in ga kin goge.

Naki,
Baba.